Babi na Bakwai: Lita Ɗaya, Mutum Nawa?

Akwai wata mota a layinmu da ta shafe watanni a lulluɓe da tamfol. Ƙaramar Golf ce, ja, ta wani malamin sakandare da muke sallar asuba tare. A da, ƙarfe bakwai saura kwata za ka ji ya tayar da ita, ya bar ta tana ɗumi, yara uku su shige baya da jakunkunansu, uwargida ta zauna gaba idan tana da aikin safe. Da aka cire tallafin mai sai ya koma fitar da ita ranar Juma'a, ko idan biki ko ta'aziyya ta taso. Daga baya wannan ma aka daina. Tayoyi suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Wata rana mun fito daga masallaci na ce masa, “Malam, motar nan fa za ta lalace a tsaye.” Ya ce, “Wallahi gara ta lalace a tsaye. Na zauna na yi lissafi, sai na ga idan na ci gaba da hawanta, gidan mai nake yi wa aiki.”

Kowa zai iya yin lissafin nan a bayan takarda. A ce tsakanin gidan mutum da wurin aikinsa kilomita 15 ne, kwatankwacin wanda ke zaune a Rijiyar Zaki yana aiki a Bompai. Zuwa da dawowa 30 ke nan. Ƙaramar mota mai lafiya, a cikin gari, tana shan kamar lita ɗaya a kowane kilomita 10, don haka lita uku a rana. Idan lita tana naira 1,000, kuɗin man yini ɗaya ya zama 3,000, na ranakun aiki 22 kuma 66,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ba a zo maganar baƙin mai ba, ba a zo ta faci da bakanike ba, ba a kai yara makaranta ba, ba a je duba mara lafiya ba.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na karɓar mulki a Abuja, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya shelanta cewa tallafin mai ya ƙare. Kafin a yi kwana uku, litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta koma 540 a Kano. A watan Yuli ta kai 617 a Abuja, a Oktoban 2024 kuma ta haura 1,000. Waɗanda suka ga Janairun 2012 sun tuna cewa an taɓa yin haka: gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, aka fito zanga-zanga, matasa suka mamaye shataletalen Silver Jubilee a Kano, har aka sauko da ita zuwa 97. A wannan karon ba a sauko ba. Ko da matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, farashin yana ɗan sauka yana ɗan hawa ne bisa kasuwa, amma ba wanda ke sa ran sake ganin lita a ɗari biyu.

Ba zan sake buɗe muhawarar ko cire tallafin ya dace ba. Abin da ya dame ni a wannan babin shi ne yadda mutum zai tashi daga gidansa ya isa inda abincinsa yake, ya dawo da saura a aljihu. Tallafin da ake zubawa a kan lita yana bin wanda ya fi ƙona mai ne. Mai motoci uku da janareto biyu ya fi kowa kwasa, mai safarar mai zuwa ƙetaren iyaka ya kwashi nasa, ita kuwa matar da ke shiga adaidaita sau biyu a rana tana samun ɗan guntun da ya sauko mata ta hanyar rangwamen kuɗin mota. Guntu ne, amma da shi take zuwa kasuwa. Da aka cire, mai motoci uku ya ajiye ɗaya. Ita kuma ta rage fita, ko ta fara takawa a ƙasa. Wannan guntun ne ya kamata a mayar mata, kuma hanyar da na sani mafi kusa ita ce a sa tallafin a kan kujerar da za ta zauna, a cikin babbar motar da ke ɗaukar jama'a da yawa a lokaci ɗaya.

Mu koma ga lissafi. Babbar bas ta cikin gari ta fi ƙaramar mota shan mai nesa ba kusa ba. A ce tana shan lita 40 na man dizal a kilomita 100. Tafiyar nan ta kilomita 30 za ta ci lita 12. Sai dai idan mutum 60 ne a ciki, rabon kowa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na lita ba. Ko rabinta ne kawai ya cika, kowa bai ƙona rabin lita ba, alhali mai ƙaramar motar nan shi kaɗai yana ƙona uku. Man dai shi ne man, tsadarsa ba ta canza ba. Yawan kafaɗun da suka ɗauki kuɗinsa ne ya canza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Bahaushe, kuma tankin mai a yau jinka ne.

Wani zai ce ai mu a Kano sufurin haya muke yi tun tuni, ga adaidaita sahu nan ko'ina kamar fari. Gaskiya ne, kuma ba na cikin masu raina ta. Adaidaita ba ta da haɗamar mai, tana shiga lungun da bas ba za ta taɓa shiga ba, tana sauke tsohuwa a ƙofar gidanta, kuma dubban magidanta da ita suke ciyar da iyali. Matsalarta ƙanƙanta. Kafin a kwashe mutum 60 da bas ɗaya ke ɗauka, sai an jera adaidaita 20, kowace da direbanta da ke neman na cefane, kowace da mai ita da ke jiran balas da yamma, kowace da harajinta da facinta. Duk wannan daga aljihun fasinja uku ko huɗu yake fitowa.

Wata safiya a Kabuga na tsaya kusa da wata mata da 'ya'yanta biyu cikin kayan makaranta, ƙaramar tana riƙe da kular abinci. Adaidaita huɗu ta tare, huɗun suka wuce bayan an yi ciniki bai faɗa ba. Na biyar ya tsaya, saurayi ne da ƙyalle a hanci.

“Ɗana, Gwammaja za mu, amma kuɗin mutum biyu ne da ni. Zan ɗora ƙaramar a cinya.”

“Mama, wallahi ba ƙi nake yi ba. Man da na sha da safe ko rabinsa ban mayar ba.”

“Ka taimaka, sun makara.”

Ya ɗan yi shiru, ya dubi yaran, ya ce su shiga. Ni ma na shiga na zauna kusa da shi a gaba. A hanya ya riƙa lissafa mini yadda yininsa ke tafiya: sai ya fara haɗa kuɗin mai, sannan balas ɗin mai babur, sannan haraji, abin da ya ragu bayan magariba shi ne nasa. Ya ce akwai ranar da yake komawa gida da abin da bai isa mudun shinkafa ba. Ya ce yanzu ba ya yawo yana neman fasinja kamar da, sai ya kashe inji ya tsaya a mahaɗa, domin yawo ba kowa a baya asara ce tsagwaronta. Na dube shi, na waiwaya na dubi matar, na ga mutane biyu da kowannensu yake ganin ɗayan ne ya matse shi, alhali ƙaramin injin da ke tsakaninsu ne ba zai iya ɗaukar nauyin su biyun ba a wannan farashin.

Ba haka garin yake ba a da. Waɗanda suka girma a shekarun 1980 da 1990 sun san hayis da kwandasta rataye a ƙofa yana kiran “Bata! Bata!”, sun san tasi mai ɗaukar mutum biyar ko shida. Acaɓa ta zo ta janye fasinja saboda sauri da shiga lungu. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka kawo babura masu ƙafa uku domin mata su daina hawa bayan ɗan acaɓa, kuma sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatinsa, A Daidaita Sahu, shi ya bi su har yau. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni, 'yan acaɓa da yawa suka koma sahu. Ka lura da inda aka dosa: gari yana faɗaɗa, yana cinye ƙauyukan da ke kewaye da shi, abin hawan jama'a kuma yana ƙanƙancewa. Muddin mai yana da araha, ba wanda ya ji zafin wannan. Ranar da ya yi tsada sai ga shi birni mai miliyoyin mutane ba shi da abin da zai kwashi jama'a da yawa a farashi mai sauƙi.

A nan ne abin da ya faru a Legas yake da darasi. A watan Maris na 2008 aka buɗe layin manyan bas da ake kira BRT daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, aka keɓe musu gefen titi da shingen kankare don kada wata mota ta shiga. An yi ta ƙara layuka, aka kawo katin biya da ake kira Cowry, a Satumban 2023 jirgin ƙasa na cikin gari ya fara jigila daga Marina zuwa Mile 2, a 2024 kuma wani layin ya biyo baya daga Agbado zuwa Oyingbo. Ba wai Legas ta rabu da cunkoso ba, kuma duk wanda ya ga dogon layin masu jiran bas da safe ya san motocin ba su wadata ba. Amma a Agustan 2023, wata biyu bayan cire tallafi, gwamnatin jihar ta rage rabin kuɗin shiga motocinta, kuma rangwamen ya isa aljihun fasinja a ranar da ya fara aiki. Ba a kafa kwamitin tantancewa ba, ba a rubuta sunayen mabuƙata ba, ba a bi ta hannun kansila ko mai unguwa ba. Duk wanda ya shiga bas ya samu, kuma mai hali ba ya zuwa ya yi layi don ya ƙwace rabon talaka. Jihar da ba ta da irin wannan tsari, idan tana son taimakon jama'arta, sai dai ta raba shinkafa da taliya, mu kuma mun ga yadda rabon ke ƙarewa: turmutsutsu a ƙofar sito, wasu su samu buhu, wasu su koma da ƙura a ka. Jihohin Kwara da Edo a lokacin rage wa ma'aikata ranakun zuwa ofis suka yi zuwa uku a mako. Sauƙi ne ga ma'aikaci, amma ɗan kasuwa da lebura da ɗalibi ba su da wanda zai rage musu ranaku.

A arewa, Borno ce ta fi jan hankalina. Gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta zuba motocin bas a Maiduguri a farashi mai rahusa bayan cire tallafin, ta ware wasu don kai manoma gona, a Disamban 2023 kuma aka ƙaddamar da ƙarin motoci, har da tasi masu aiki da lantarki. Jihar da ta shafe fiye da shekara goma cikin rikici ce ta yi wannan, don haka uzurin rashin hali ya yi rauni a bakin sauran.

Tsarin keɓe wa bas hanyarta a wani birni na Birazil ya yi suna, Kuritiba, inda magajin gari Jaime Lerner, wanda masanin zanen gine-gine ne, ya fara shi a 1974. Kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi ƙarfin birnin, sai suka sa bas ta yi aiki irin na jirgi: hanyarta daban, tashoshinta sanannu, daga baya aka tsara fasinja ya biya kafin mota ta iso don kada a ɓata lokaci a ƙofa. Bogota ta Kolombiya ta ɗauka a shekarar 2000, Darussalam ta Tanzaniya a 2016, Dakar kuma a 2024 da motoci masu lantarki. Duk ba biranen masu kuɗi ba ne. Masu kuɗin ma da tsadar mai ta taɓa su, nan suka nufa. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin makamashi, Jamus ta fitar da tikitin yuro 9 na wata guda, wanda da shi mutum zai shiga bas da jiragen ƙasa na cikin gari da na yanki a duk faɗin ƙasar. Daga Yuni zuwa Agusta an sayar da kusan miliyan 52. Sun iya yin haka cikin makonni saboda motocin da jiragen suna nan tun da ma, farashi kawai aka taɓa.

Keɓe hanyar nan ba ado ba ne, kuma a nan ne nake ganin shirye-shiryenmu suka fi yin tuntuɓe. Idan bas za ta shiga gosulon Kurna ko na Ɗan Agundi tare da kowa, to ta haɗa wa fasinja wahala biyu, jira a tasha da jira a titi, kuma duk mai ɗan hali zai guje ta. Ita kanta asara take yi, domin motar da ya kamata ta yi sawu takwas a yini sai ta yi huɗu, man kuma yana ƙonewa a tsaye. Abin da ma'aikaci ke saye da kuɗin motarsa shi ne tabbacin cewa idan ya fito ƙarfe bakwai zai isa kafin takwas. Ranar da mai mota ya zauna a cunkoso, fetur ɗinsa na naira dubu yana tafiya a banza, ya ga bas ta wuce shi fuu a hanyarta, ranar zai fara tunanin ajiye makulli ba tare da kowa ya yi masa wa'azi ba. Kowace motar da aka ajiye kuma fili ne ga motar asibiti da motar kaya da wanda tilas ne ya tuƙa. Hayaƙin ma zai ragu. Duk wanda ya tsaya a mahaɗar Bata da yammacin hunturu, idanunsa na yaji, ya san abin da masu talla da jami'an kula da hanya ke shaƙa kullum.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Tun 2023 gwamnatin tarayya take kiran a koma amfani da iskar gas ta CNG, wadda Najeriya ke da ita jibge kuma ta fi fetur araha. Mai ƙaramar mota a arewa yana fuskantar abu biyu: kuɗin juya injin, da ƙarancin wuraren shan gas ɗin. Bututun da zai kawo shi daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, a 2020 aka fara shimfiɗa shi. Motoci dubu da ke warwatse a gari suna buƙatar gidajen gas a kowace unguwa. Manyan bas ɗari kuwa wuri ɗaya suke kwana, don haka famfo ɗaya a garejinsu ya isa a cika su da dare su fito da asuba. Haka abin yake ga lantarki. Duk wani sabon makamashi mai araha, ta ƙofar motar jama'a zai fi saurin isa ga talaka.

Sai dai dole a faɗi abin da ya sa mutane ba sa ɗokin jin an ce gwamnati ta sayo bas. Mun sha gani. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa shirin sufurin jama'a na tarayya, jihohi suka samu motoci. A 2012 ma, cikin zafin zanga-zanga, an ƙaddamar da wasu. Tsarin kusan ɗaya ne kowane lokaci: a jera motoci a fili, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, su yi shekara biyu ko uku suna aiki, sannan a fara cire kayan wannan ana gyara waccan, har a wayi gari gareji ya zama maƙabartar ƙarafa, ciyawa ta fito ta tagogi. Sayen mota shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Mai wuyar shi ne abin da ba ya fitowa a hoto: bakaniken da aka horar aka kuma biya shi a kan lokaci, kayan gyara a ajiye kafin a buƙace su, kuɗin fasinja ya shiga asusu maimakon aljihu, da kasafin da majalisa ta amince da shi duk shekara don cike giɓin da ke tsakanin abin da fasinja ya biya da abin da tafiyar ta ci. Wannan giɓin ba abin kunya ba ne. Manyan biranen duniya da yawa suna cike shi daga baitulmali, kamar yadda ake biyan kuɗin titi da fitilun kan hanya ba tare da an tambaye su riba ba. Mun shafe shekaru muna biyan tiriliyoyin naira don lita ta yi araha. Ɗan kaso daga ciki zai riƙe kujeru masu yawa.

'Yan sahu fa? Ina jin wannan tambayar da gaske, domin saurayin nan na Kabuga yana da uwa da ƙanne. Duk shirin da zai fara da korarsu daga titi kafin a samar da madadin, zalunci ne a kansu da kan fasinja. Bas ba za ta shiga lungunan Fagge ko na Ɗorayi ba. Aikinta manyan hanyoyi ne: titin Zariya, titin Katsina, titin Gwarzo, titin Haɗeja, titin Maiduguri. Adaidaita ta kwaso mutane daga cikin unguwa ta kawo su tasha, gajeren zango, sawu da yawa, mai kaɗan, wanda ya fi wa direban kansa riba a kan doguwar tafiyar da zai dawo ba kowa. Legas ma da ta fara BRT, ƙungiyar direbobi ta NURTW aka jawo ciki ta kafa haɗakar da ta gudanar da motocin farko. Wanda ya san hanya, ya san fasinja, ya san inda ake cika da inda ake sauka, gara a mayar da shi abokin aiki.

Maganar mata kuma ita ce ma asalin zuwan adaidaita garin nan, don haka ba baƙuwa ba ce. Babbar mota ta fi ƙarama sauƙin tsarawa ta wannan fuskar: ƙofa biyu, sashen mata da yara, kujerun tsofaffi kusa da ƙofa. Mota mai lamba, mai direban da aka san shi da tashar da aka san ta, ta fi kwanciyar hankali ga yarinyar da ke dawowa daga makaranta da yamma. Masu zuwa aiki Abuja daga Mararaba da Nyanya da Suleja sun san fargabar shiga motar da ba a san ta ba, saboda ɓarayin da ke shigar direbobin haya.

Akwai kuma abin da ke cikin zukatanmu, wanda gwamnati ba za ta gyara mana ba. Mun ɗauki mota a matsayin shaidar cewa mutum ya isa. Idan aka ga magidanci mai muƙami a tasha, sai a fara raɗa cewa wane ya karye. Malamin layinmu ya gaya mini cewa makon farko da ya fara tsayawa a bakin titi, ya fi jin nauyin idon ɗalibansa a kan nauyin rana. Daga baya shi da abokan aikinsa huɗu suka haɗa kai: mota ɗaya, kowa ya kawo kason mai ranar Litinin, ana tashi ƙarfe bakwai saura kwata daga ƙofar masallaci, wanda ya makara ya bi sahu. Ba su kira abin da wani suna ba, amma duk ginshiƙan sufurin jama'a suna ciki, wato hanya ɗaya, lokaci tsayayye, da kuɗin da aka raba. Lita ukun nan ta koma ta mutum biyar. Ya ce har hirar hanya ta dawo masa da wani abu da ya manta, domin shekara goma, da zarar ya sauke iyali, tuƙi yake yi shi da rediyo kawai.

Tsakanin garuruwa kuwa, jirgin ƙasa ya riga ya nuna abin da zai iya. Layin Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, ya fara aiki a Yulin 2016, kuma ko bayan mummunan harin 28 ga Maris, 2022, da aka dawo da shi a Disamban shekarar, jama'a sun koma, har da manyan da ke da motocin alfarma a gida. A tarago ɗaya za ka ga babban sakatare da ɗan kasuwa da ɗaliba, ba wanda ya ce wani ya karye. Ana aikin ƙarasa layin daga Kaduna zuwa Kano, da wani daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, hanyar da fatake suka bi da ƙafa da jakuna shekaru aru-aru.

Amma ni tsohon layin ne ya fi tsaya mini a rai. Dogo ya iso Kano tun 1911, a 1930 kuma aka kai shi Nguru. Yana shigowa ta Challawa, ya ratsa Sharaɗa, ya iso tashar da ke tsakiyar gari, ya fita ta gabas ya nufi Jogana. Wato akwai hanya a shimfiɗe da ta ratsa unguwannin masana'antu da na ma'aikata, wadda ba sai an rushe gari an biya diyya mai yawa kafin a same ta ba. Layin Agbado zuwa Oyingbo na Legas a kan irin wannan tsohuwar hanyar dogo aka ɗora shi. Kwanan baya na bi gefen namu da safe a wajen Sharaɗa. Masu gwanjo sun baza kaya a kan ƙarafan, awaki suna kiwo a tsakanin katakan, ga kuma jerin leburori da 'yan makaranta suna tafe a kai, ɗaya bayan ɗaya, saboda ya fi titi miƙewa zuwa cikin gari. Na tambayi wani dattijo da ke ɗauke da kwanon abincinsa a leda ko kullum nan yake bi. Ya ce tun da kuɗin mota ya ninka, da ƙafa yake zuwa kamfani, tafiyar awa ɗaya da kwata, kuma idan ya fito bayan sallar asuba yana isa kafin a rufe ƙofa.